Bayan An Tare Ruwa: Ƙananan Halittun Ƙasa da Farfaɗo da Gonaki a Madawa, Buza da Keita

Tsakure

Ayyukan farfaɗo da ƙasa da aka gudanar a yankin Adar na jihar Tawa tun daga shekarun 1970 sun koya wa duniya yadda ake tare ruwan sama a kan fako. Wannan takarda tana kafa hujja cewa sauran rabin aikin yana hannun ƙananan halittun da ke ruɓar da kara da ganye da kashin dabbobi su mayar da su abincin shuka, kuma sanin waɗannan halittu a ƙasar Madawa da Buza da Keita yana buƙatar masana da za su ba shi tsawon rayuwarsu ta bincike. An ɗauki rayuwar Selman Waksman a matsayin ma'auni, an dubi abin da bincike ya riga ya nuna a yankin Sahel, sannan an amsa sukar da za a iya yi wa wannan matsayi.

Gabatarwa

Duk wanda ya san tarihin noma a jihar Tawa ya san cewa gundumomin Madawa da Buza da Keita sun daɗe suna zama makarantar yaƙi da zaizayar ƙasa. A 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya cikin gundumar Buza domin karya ƙarfin iska. A 1984, shekarar babban fari, aka fara aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Shirin Abinci na Duniya, aka farfaɗo da fiye da hekta 30,000 na ƙasar da ta mutu, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera. A 1989 wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo da ingantacciyar dabarar ramin shuka da ake kira tassa, ta bazu daga gona zuwa gona. Dukan waɗannan dabaru manufarsu ɗaya ce: a tsayar da ruwa da ƙura da rairayi a wurin da ake so su tsaya, a yankin da ruwan shekara yake kaiwa da komowa tsakanin milimita 300 da 500.

Sai dai manomin tassa ya san abin da rahotannin ayyuka ba su cika tsayawa a kansa ba. Ramin da aka haƙa ba a zuba masa taki ba yana tara ruwa, gero ya tsiro, amma zangarniyar ba ta cika. Ƙasar Sahel talaka ce ta fuskar ruɓaɓɓen abu: sinadarin kabon da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a jigawa ma sau da yawa bai kai rabin haka ba, ga ƙarancin fosfaras da naitrojin. Dintsin takin da ake jefawa cikin rami ba ya zama abincin shuka sai wasu halittu da ido ba ya gani sun narkar da shi. Yaushe suke yin wannan aiki, da wane sauri, me ke hana su, me ke salwanta a hanya: waɗannan tambayoyi ne na kimiyyar sinadaran halitta, kuma amsarsu ce ke yanke hukunci ko gonar da aka farfaɗo za ta ɗore ko za ta koma fako bayan 'yan damuna.

Rayuwar bincike guda a matsayin ma'auni

Selman Waksman, wanda aka haifa a 1888 a ƙasar Yukren ta yau, ya isa Amurka a 1910, ya yi karatun noma a jami'ar Rutgers, ya sami digirin digirgir a kimiyyar sinadaran halitta daga jami'ar Kalifoniya a 1918, sannan ya koma Rutgers ya zauna a kan tambaya ɗaya shekara da shekaru: me ke faruwa da ganye da kara da saiwa idan sun faɗa ƙasa? Ya ƙirƙiro hanyoyin rarrabe sassan tsiro domin a ga wanne ke saurin narkewa wanne ke daɗewa. Ya nuna cewa sukari da makamantansa suna ɓacewa da wuri, selulos da ke gina jikin kara yana biye da su, lignin mai taurin itace kuwa yana jinkiri ƙwarai. A 1927 ya fitar da babban littafinsa kan ƙa'idojin ilimin ƙananan halittun ƙasa, a 1936 kuma ya fitar da littafi sukutum a kan baƙin ruɓaɓɓen abin nan da ke ba ƙasa ƙarfi. Cikin ɗalibansa akwai René Dubos, wanda ya yi nasa binciken digirin a kan bakteriyar da ke narkar da selulos.

Abin lura shi ne abin da wannan haƙuri ya haifar. Tun yana ɗalibi Waksman ya damu da wani rukunin bakteriya masu zare-zare da ake kira aktinomaisit, waɗanda masana da yawa ba su kula da su ba a lokacin. Bayan fiye da shekaru ashirin yana nazarinsu, a 1943 ɗalibinsa Albert Schatz ya ware sinadarin streptomaisin daga ɗaya daga cikinsu, wanda ya zama maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Waksman ya karɓi kyautar Nobel a 1952, bayan Schatz ya kai ƙara kotu a 1950 an amince da shi a matsayin abokin gano maganin. A jami'ar Rutgers ce kuma, a 1965, aka tantance sinadarin jiyosmin, wato ƙamshin nan da ke tashi daga ƙasa idan ruwan farko ya sauka, aka tabbatar da cewa waɗannan bakteriya ne ke yin sa. Ƙamshin da manomin Buza yake shaƙa ranar da damina ta faɗi shaida ce cewa danginsu suna nan cikin gonarsa. Darasin da wannan takarda take ɗauka daga rayuwar Waksman ya shafi tsawon zama a kan tambaya guda a wuri guda, domin a kimiyyar ƙasa sannu ba ta hana zuwa, gaggawa ce ke hana gani.

Yadda ruɓewa take a ƙasar Adar

Ƙwayar bakteriya ko funfuna tana cin ruɓaɓɓen abu ne domin ta gina jikinta, kuma tana buƙatar kabon da naitrojin bisa wani ma'auni. Abincin da ya dace da ita yana da kimanin kashi 25 zuwa 30 na kabon a kan kowane kashi 1 na naitrojin. Karan gero da na dawa sun zarce wannan ma'auni nesa ba kusa ba, saboda haka idan aka binne su ɗanye, ƙwayoyin sukan wawushe ɗan naitrojin da ke cikin ƙasa domin su cike giɓi, shuka ta yi rawaya a makonnin farko. Kashin awaki da tumaki da harawar wake kuwa suna kusa da ma'aunin, shi ya sa suke sakin abinci da wuri. Wannan bambanci ya fito fili a gwaje-gwajen da Dougbedji Fatondji ya yi a yammacin Nijar ƙarƙashin cibiyar ICRISAT ta Sadore, inda ya auna ruɓewar taki da karan gero a cikin ramukan shuka, aka ga cewa nau'in abin da aka zuba yana sauya amfanin gona ƙwarai, kuma takin dabbobi ya fi kara zalla nesa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Watanni takwas zuwa tara na rani ƙwayoyin suna kwance, wasu sun mutu, wasu sun naɗe cikin ƙwanso suna jira. Da ruwan farko ya jiƙa ƙasa sai su farka gaba ɗaya, su cinye gawarwakin 'yan'uwansu da abin da zafi ya farfasa, su saki naitrojin mai yawa cikin 'yan kwanaki. H. F. Birch ne ya bayyana wannan al'amari a 1958 daga bincikensa a Gabashin Afirka, har ake kiran sa da sunansa. Ga manomin Adar ma'anarsa babba ce. Idan wannan naitrojin ya fito gero bai yi saiwa ba, ruwan da ya biyo baya zai wuce da shi ƙasa inda saiwa ba ta kai, musamman a cikin rami mai tara ruwa. Haka kuma kashin dabbobi da aka bari a sarari rana tana dukan sa tun daga kaka har bazara yana asarar wani ɓangare na naitrojinsa zuwa iska. Ashe ranar zuba taki, da zurfin binne shi, da matakin ruɓewar da ya kai kafin a kai shi gona, duk suna da nauyi daidai da yawansa.

Gundumomin uku kuma ba ƙasa ɗaya suke da ita ba, shi ya sa suka dace da bincike na kwatanci. Akwai fakon tuddai masu duwatsu na Keita inda ɓawon ƙasa ke hana ruwa shiga. Akwai jigawa mai rairayi inda ruwa ke wucewa da sauri ya tafi da abinci. Akwai fadamun Majiya da na Tarka masu laka, inda manoman Madawa suke noman albasa da rani, ƙasa tana jiƙe a lokacin da ta tudu take bushe, ruɓewa tana gudana kusan duk shekara. Taki iri ɗaya da aka zuba a waɗannan wurare uku ba zai bi hanya ɗaya ba. Shawarar da malamin gona zai bayar a Keita ba lallai ta dace da lambun albasa a Madawa ba, kuma ba za a san bambancin ba sai an auna.

Amsa ga masu suka

Suka ta farko ita ce a Sahel gara ce ke cin kara, ba wata ƙwayar bakteriya ba, don haka a bar maganar abin da ido ba ya gani. Gaskiya ne gara tana da babban matsayi. Abdoulaye Mando ya nuna a arewacin Burkina Faso a shekarun 1990 cewa idan aka shimfiɗa ciyawa ko kara a kan fako, gara tana zuwa ta huda ɓawon ƙasa, ruwa ya sami hanya, ciyayi su dawo, inda aka hana ta zuwa kuwa fakon ya zauna yadda yake. Amma gara ba ta yin wannan aiki ita kaɗai. Manyan nau'o'in da ke gina suri a Afirka suna noma wata funfuna mai suna Termitomyces a cikin gidajensu, suna kai mata tattaunannen kara ta narkar musu da shi. Wasu nau'o'in kuma suna dogara da ƙananan halittun da ke cikin hanjinsu, abin da Robert Hungate ya fara nazari a kansa a shekarun 1930 kafin ya koma kan tumbin shanu, ya fitar da sanannen littafinsa a 1966. Saniyar da ta ci kara, da garar da ta ci kashin saniyar, dukansu ma'aikatan ƙananan halittu ne. Tambayar da ta rage ga mai bincike ita ce nawa ne daga abincin da gara ta kwasa yake komawa ga shukar da ke cikin ramin, nawa kuma yake tafiya suri ya bar gonar.

Suka ta biyu ta fi nauyi: ina ma karan da za a ruɓar? A Adar kara dukiya ce. Ana ba dabbobi, ana yin danga da rumbu da zana, ana hura wuta, ana sayarwa a kasuwa da bazara da tsada. Kashin dabbobi ma bai isa ba, kuma tsohuwar yarjejeniyar da makiyayi zai kwana da garkensa a gonar manomi bayan girbi ta yi rauni a wurare da yawa. Wannan suka gaskiya ce, amma hujja ce da ke goyon bayan bincike. Wanda yake da rumbu cike yana iya yin sakaci da awo, mai tiya ɗaya kuwa dole ya san inda kowace ƙwaya ta faɗa. Idan iyali suna da amalanke biyar na taki a shekara, sanin yadda za a hana asarar naitrojinsa, ta hanyar tara shi a rami mai inuwa, a haɗa shi da fitsarin dabbobi da ƙaiƙayi da sharar gida, daidai yake da ƙara musu amalanke ba tare da sun ƙara akuya ko ɗaya ba. Akwai kuma tushen da ba a gama aunawa ba: ganyen gawo da ke zuba da damina, da na sabara da kalgo da manoma suke bari su sake tofowa a gonaki, da ganyen dogon yaron da aka fara dasawa a Majiya a 1975. Kowanne yana da saurin ruɓewarsa gwargwadon lignin da sauran sinadaran da ke cikinsa.

Suka ta uku tana cewa takin zamani ya fi sauri, kuma Afirka tana amfani da kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa taron Abuja na 2006 ya sa burin kaiwa kilo 50 a kowace hekta. Wannan takarda ba ta adawa da takin zamani. Dabarar zuba 'yan giram kaɗan a gindin kowace shuka, wadda aka gwada sosai a Nijar, ta nuna amfaninta. Amma gwaje-gwaje masu dogon zango a Afirka ta Yamma, irin wanda aka fara a Samaru ta Zariya a 1950 da na Sariya a Burkina Faso da aka fara a 1960, sun nuna cewa takin zamani shi kaɗai, shekara bayan shekara, yana sa ƙasa ta yi tsami, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta ya ragu, amfanin gona ya soma ja da baya, alhali haɗa shi da takin dabbobi yana riƙe ƙarfinta. Ƙasa mai rairayi ba ta da laka isasshiya da za ta riƙe abincin da aka zuba mata, ruɓaɓɓen abu ne ke yi mata wannan hidima. Bayan haka jihar Tawa tana da ma'adinin fosfat nata, wanda matsalarsa ita ce jinkirin narkewa a gona. An san cewa wasu bakteriya da funfuna suna fitar da sinadarai masu tsami da ke narkar da irin wannan dutse. Haɗa garinsa cikin ramin taki tun ana ruɓarwa hanya ce da ta cancanci a auna ta da kyau a nan inda dutsen yake.

Suka ta huɗu tana zuwa daga ɓangare biyu. Wasu suna cewa manomi ya riga ya san duk wannan tun kaka da kakanni. Wasu suna cewa a sayo ƙwayoyin da aka sarrafa a waje cikin kwalba a zuba a gona a huta. Ga na farko, babu musun cewa ilimin manomi shi ne mafari: shi ya san ƙasar juji ta fi ta fili, shi ya san ɗanyen taki yana ƙona shuka yana kuma kawo ciyawa, shi ya san ƙuduji yana samun ƙarfi a gonar da ta gaji. Abin da ɗakin bincike zai ƙara shi ne awo da dalili, misali cewa tarin takin da zafinsa ya kai digiri 55 zuwa 60 na kwanaki yana kashe mafi yawan irin ciyawa da ƙwayoyin cuta, abin da ke da daraja ga mai lambun albasa. Ga na biyu, ƙwayar da aka raina a ƙasa mai sanyi da danshi ba ta cika jure fakon da zafinsa ke wuce digiri 50 da rana ba, kuma sau da yawa 'yan gida suna rinjayar baƙuwa. Halittun da suka rayu cikin fari da zafin Adar su ne suka cancanci a fara warewa a yi nazari. Tarihi ma ya nuna darajar irin wannan nema: funfunar Trichoderma reesei, wadda masana'antu suke samun enzayim mai narkar da selulos daga gare ta a yau, an samo ta ne daga tantunan auduga na sojojin Amurka da suka ruɓe a tsibiran Solomon lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Rikicin Schatz da Waksman kuma gargaɗi ne cewa a tsara tun farko wa ke da haƙƙi a kan abin da aka gano, kamar yadda yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanada game da albarkatun halittu na ƙasashe.

Abin da ya kamata a yi

Aikin farko ba ya buƙatar na'urori masu tsada. A keɓe filayen gwaji na dindindin, ɗaya a fakon Keita, ɗaya a jigawar Buza, ɗaya a fadamar Madawa. A binne ƙananan jakunkunan raga masu ɗauke da awon kara da ganye da taki, wasu masu ƙofar da gara za ta shiga wasu marasa ita, a riƙa tonowa ana aunawa daga ruwan farko har girbi. A auna iskar da ƙasa take fitarwa da naitrojin da take saki mako-mako. A kwatanta takin da aka zuba da bazara da wanda aka zuba bayan tsiro. A ware ƙwayoyin da ke jure zafi a adana su a cikin ƙasar. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa suna da hurumin ɗaukar wannan nauyi, tare da manoman da za a yi gwajin a gonakinsu, kuma sakamakon ya dawo gare su da Hausa, a bakin malaman gona da gidajen rediyon karkara.

Abin da ya fi wuya shi ne lokaci. Yawancin ayyukan raya karkara suna rayuwa shekara uku zuwa biyar, alhali canjin kabon a cikin ƙasa ba ya bayyana sarai sai bayan shekara goma ko fiye. Filin gwaji na Rothamsted a Ingila yana gudana tun 1843, kuma har yau ana ɗebo amsoshi daga samfuran ƙasar da magabata suka adana. Saboda haka abin da ake buƙata daga hukuma shi ne kujerar aiki mai ɗorewa da ƙaramin kasafi da ba ya yankewa, domin matashin masanin da ya fara auna ramin tassa yana ɗan shekara talatin ya iya komawa wannan rami yana ɗan shekara sittin tare da ɗalibansa.

Kammalawa

Matan Keita sun jera duwatsu, manoman Majiya sun raini itatuwa, masu tassa sun fasa fako da hannu. Ruwan da suka tare yana nan yana shiga ƙasa. Ko zai zama hatsi shekara bayan shekara ya rataya ne a kan abin da ke faruwa cikin dintsin taki a ƙasan rami a makonnin farko na damina. Waksman ya ba ƙasar Rutgers fiye da shekaru arba'in kafin ya yi ritaya, duniya ta sami ilimin ruɓewa, ta sami maganin tarin fuka a kan hanya. Ƙasar Madawa da Buza da Keita, wadda mutanenta suka biya farashinta da gumi, ta cancanci 'ya'yanta masana su ba ta irin wannan zama.